Gini a Kan Ƙasa Mai Motsi: Darasin Tashoshin Ƙanƙara ga Surko, Birnin Kudu da Gwaram

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda injiniyoyi ke bibiyar motsin ƙanƙara, iska da zafin ƙasa a ƙarƙashin gine-ginen da suka kafa a Antaktika da yankunan arewacin duniya masu daskarewa, sannan ta tambayi abin da za a iya ɗauka daga wannan aiki a kudancin Jigawa, inda ruwan damina ke rusa gidaje da gadoji. Ra'ayin takardar shi ne, abin koyi a wurin waɗancan injiniyoyi ya fi ƙarfin tsadar na'urorinsu. Suna auna saurin canji, suna rubutawa a kai a kai, kuma suna yanke shawarar matakin da za a ɗauka tun kafin hatsari ya iso. Duk waɗannan ana iya yin su a mazaɓar Surko da kayan da ke hannun magina.

Gabatarwa



Na san akwai wanda zai ce me ya haɗa mutumin Surko da dusar ƙanƙara, alhali a watan Afrilu zafi na haura digiri 40 a ƙasar nan. Abin da ya haɗa su shi ne ƙasar da gini ke zaune a kanta. Akasarin abin da ake koya wa ɗalibin injiniya game da harsashin gini an ɗora shi a kan zaton cewa ƙasa za ta tsaya yadda aka same ta. A auna ta sau ɗaya kafin a haƙa, a yi lissafi, a zuba kankare, a miƙa makulli. A kan ƙanƙara wannan zato ba ya kwana ko ɗaya, domin ƙasar kanta tafiya take yi. Dole ta sa masu gini a can suka mayar da awo aikin kullum, muddin ginin na tsaye. Mu kuma ƙasarmu tana canzawa tsakanin rani da damina fiye da yadda muke yarda, amma da yake a ido tana kama da tsayayya, sai muka bar ta ba awo.

Tashar da ke tafiya

A shekarar 1956 Birtaniya ta kafa tashar bincike ta Halley a kan wani makeken faifan ƙanƙara da ake kira Brunt, a gaɓar Antaktika. Faifan yana shawagi ne a kan teku, kaurinsa ya kai kimanin mita 150, kuma a shekarun baya yana gangarawa zuwa teku da kusan mita 400 a shekara. A samansa dusar ƙanƙara na taruwa fiye da mita ɗaya duk shekara, ba ta narkewa. Daga awon sararin samaniya da aka yi shekara da shekaru a wannan tasha ne Joe Farman da abokan aikinsa biyu suka sanar da duniya a 1985 cewa rufin iskar ozon ya ɓule a saman Antaktika. Wannan ma aikin haƙurin rubuta lamba ne, amma ba shi ya kawo mu ba.

An sha sake gina Halley, domin tashoshi huɗu na farko duk dusar ƙanƙara ta binne su, ta matse su har aka bar su. Dalilin a fili yake ga wanda ya san halin dusa. Sabuwar dusa sakwaf take, amma kowace shekara sabon nauyi na hawa kanta, tana daddanƙarewa, tana nitsewa, har ta koma ƙanƙara mai nauyin kusan kilo 900 a kowace kubik mita. Duk abin da aka binne a cikinta tare za su matsu. Amurkawa sun ga haka a Girinlan, a sansanin Camp Century da suka haƙa a ƙarƙashin dusa a 1959: rufin ramukan ya dinga saukowa, bangwaye na matsowa, ana sassaƙewa suna dawowa, har aka tashi daga wurin a 1967.

Tasha ta biyar an ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe da ake ɗagawa duk shekara. Ta shida, wadda aka buɗe a Fabrairun 2013, ɗakuna takwas ce a jere, kowanne a kan ƙafafu masu miƙewa da ƙarfin mai, ƙarƙashin kowace ƙafa kuma akwai faffadan takalmin sulɓi, yadda za a iya raba ɗakunan a ja su da tarakta zuwa wani wuri. Wato tun a kan takarda masu zanen sun amince cewa filin da suka zaɓa ba zai dawwama ba.

Ga wurin da nake so mu tsaya. Akwai wata tsohuwar tsaga a jikin faifan Brunt da ta yi aƙalla shekara 35 ba ta motsa ba. A 2012 hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna ta farka. Tsagar ba sabuwa ba ce, kowa ya san da ita. Abin da ya canza shi ne ta fara tsawo, kuma an gane hakan ne domin akwai awon bara da na bariya da za a kwatanta da shi. Daga nan aka ƙara sa ido: na'urorin GPS da aka kakkafa kewaye da tashar suna aika matsayinsu zuwa Kambirij a Ingila, ana jan na'urar rada a kan dusa don ganin inda bakin tsagar ya kai a ƙarƙashi, ana kuma karɓar hotunan tauraro a kai a kai. Lissafi ya nuna idan tsagar ta ratsa, tashar za ta kasance a ɓangaren da zai ɓalle. A lokacin aikin 2016 zuwa 2017 aka ja tashar kilomita 23 zuwa ciki. Ana cikin haka, a Oktoban 2016, wata sabuwar tsaga ta bayyana ta arewa. Masanan suka ce ba za su iya hasashen halin wannan ba, hukumar da ke kula da tashar ta yanke cewa daga 2017 ba wanda zai ƙara kwana a tashar a lokacin hunturu, sa'ad da jirgin ceto ba ya iya sauka. A Janairun 2023 tsohuwar tsagar ta ratsa, wani yanki mai faɗin murabba'in kilomita 1,550 ya ɓalle ya shiga teku. Tashar na can gefe, ba abin da ya same ta.

Tsakanin ranar da aka ga tsagar ta motsa da ranar da ta ɓalle, shekara goma ne da ɗoriya. Awo ne ya sayi waɗannan shekarun. Kuma a lura da shawara ta biyu, ta kwashe mutane: an yanke ta ne a kan rashin tabbas. Ba a jira an tabbatar da hatsari ba kafin a fitar da rayuka.

Gini na ɓata ƙasar da yake zaune a kai

Darasi na biyu ya fi na farko kusa da mu. A tsakiyar Antaktika, a tashar Amundsen-Scott ta Amurka, dusar da ke sauka ba ta da yawa, kimanin santimita 20 ce a shekara. Amma duk abin da ya tsaya a gaban iska yana rage mata gudu, ita kuma sai ta sauke dusar da ta ɗauko a bayansa. Da haka ginin ke tara wa kansa abin da zai binne shi. Ƙubbar ƙarfen tashar da aka gama a 1975 haka ta yi ta nitsewa har aka kwance ta a ƙarshen 2009 zuwa farkon 2010. Sabuwar tashar da aka ƙaddamar a Janairun 2008 an ɗaga ta a kan ginshiƙai, aka karkata ƙasanta ta fuskar iska yadda iskar za ta ƙara gudu a ƙarƙashi ta share dusar. Ana auna ginshiƙan don a ga wanda ya fi ɗan'uwansa nitsewa, domin abin da ke karya gini shi ne wani gefe ya riga wani sauka. Jamusawa ma a tasharsu ta Neumayer ta uku, wadda aka buɗe a 2009, ƙafafu 16 suka yi mata, ana ɗaga su ana cusa dusa a ƙarƙashi ana daidaitawa.

A arewacin Rasha, Alaska da Kanada matsalar ta zafi ce. Ƙasa ce daskararriya shekara da shekaru, mai ƙarfi kamar dutse muddin ba ta narke ba. Gida mai ɗumi idan ya zauna a kanta kai tsaye zai narkar da ita, ta koma taɓo. Shi ya sa gidajen Yakutsk ke kan turaku, iska na wucewa ta ƙarƙashinsu, kuma ake saka ma'aunin zafi a cikin ramuka kusa da harsashi. Inda aka yi sakaci an gani. A ranar 29 ga Mayu 2020 wani babban tankin man dizal ya fashe kusa da Norilsk bayan turakunsa sun zauna, kimanin tan 21,000 na mai ya malala cikin ƙasa da koguna. Ko rumbun ajiyar irin shuka na duniya da ke Svalbard a ƙasar Nowe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta kai wa irin wake da sauran amfanin gonarmu tun buɗe shi a 2008, ruwa ya shiga ramin mashigarsa a ƙarshen 2016 saboda ɗumi da ruwan sama da ba a saba gani ba. Irin bai lalace ba, amma sai da aka sake gina mashigar.

Duk wanda ya taɓa duba gindin bangon makewayi a garuruwanmu ya san wannan darasi. Ruwan wanka, ruwan wanke-wanke, rariyar da ba ta da mafita, masai da aka haƙa dab da katanga, famfon da ke ɗiga dare da rana: gidan ne da kansa ke jiƙa ƙasar da ke ɗauke da shi. Rufin kwano ya ƙara wa abin nauyi. Milimita ɗaya na ruwan sama lita ɗaya ce a kan kowace murabba'in mita. Rufi mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, idan aka yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Agusta, zai zubar da lita 5,000. Idan babu indararo da magudana, wannan ruwan a gindin bango zai sauka, sau da yawa ma bangon maƙwabci.

Ƙasar kudancin Jigawa

Jihar Jigawa gida biyu ce ta fuskar abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Arewa maso gabas, wajen Haɗejiya da Gumel, yashi ne da laka na kwarin Tafkin Chadi. Kudu kuwa, Birnin Kudu, Gwaram da Dutse, tsohon dutse ne, wanda ke leƙowa sama a wurare irin Dutsen Habude da Dutsen Mesa masu zanen mutanen da. Wannan yanki shi ya fi samun ruwan sama a jihar, kusan milimita 1,000 a shekara mai kyau, kuma kusan dukkansa a cikin wata biyar yake sauka, mafi yawa a Yuli da Agusta. Ruwan yankin yana gangarawa ne zuwa kogin Jama'are, wanda ke tasowa daga tsaunukan Jos.

Mutum zai ɗauka ƙasar dutse ta fi aminci ga gini. Wani lokaci haka ne, wani lokaci akasin haka. Dutsen ba a shimfiɗe yake daidai ba. A nan yana bisa, taku kaɗan gaba ya nitse ƙarƙashin ruɓaɓɓen dutse da yumɓu mai zurfi. Ajin makaranta ɗaya zai iya zama kusurwarsa ɗaya a kan fa, ɗayar a kan ƙasa mai taushi, kuma wannan shi ne nitsewar da ba ta daidaita ba, irin wadda ake gudu a ginshiƙan tashar Amundsen-Scott. Sannan dutse ba ya shan ruwa. Abin da ya sauka a kansa gangarowa yake yi da gudu zuwa gindinsa, inda unguwanni suke. Ƙasar da ke kan dutse marar zurfi kuma saurin ƙoshi take yi, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso kusa da harsashi a ƙarshen damina. A fadamu da kwaruruka akwai laka mai kumbura idan ta sha ruwa, ta tsuke ta dare idan rani ya yi. Gini a kanta hawa da sauka yake yi duk shekara.

Magabatanmu sun san ginin ƙasa abu ne da ake kiwo. Tubali da azara, makuba daga ɓawon ɗorawa, laso, indararo mai tsawo da ke jefa ruwa nesa da bango, da yaɓe kafin faɗuwar damina, duk tsari ne na mai gidan da ke zagaya gidansa yana dubawa. A Jenne ta ƙasar Mali har yau gari ne ke fitowa duk shekara a yaɓe babban masallaci. Wannan sa-ido ne na gaske, sai dai a ƙwaƙwalwar dattijo yake, ba a takarda ba. Da bulo da siminti suka zo, sai aka ɗauka an huta da dubawa. Mafi muni shi ne bangon ƙasa da aka shafe da siminti. A waje sumul, a ciki damshin da ya taso daga ƙasa ya rasa mafita, tubali na narkewa a ɓoye, ba mai gani sai ranar da filastar ta ɓare gaba ɗaya. Ga kududdufai da aka cike da shara aka yanka filaye a kai. Ga tituna da aka ɗaga sama da daɓen gidaje ba tare da isassun kwalbatoci ba, suka zama madatsun ruwa a tsakiyar gari.

Abin da ya riga ya faru

A watan Agustan 2021 ruwa ya karya wata gada a kan hanyar Gwaram zuwa Basirka. Motoci suka taho ba su sani ba, suka faɗa, mutum 21 suka rasu. Gada ba kasafai take karyewa daga sama ba. Ruwa ne ke yashe ƙasar da ke gindin ginshiƙi da bayan bangon da ke riƙe da titi, damina bayan damina, kwalta na nan lafiya a ido alhali ƙarƙashinta kogo ne. Wannan yashewa ana iya auna ta da sanda da rani, lokacin da mutum zai iya tsayawa a cikin kogin da ƙafarsa. Ko da ba a auna ba, tsakanin karyewar gada da isowar mota akwai lokacin da waya ɗaya da shinge ɗaya za su yi aiki, idan an riga an ɗora wa wani alhakin tsaron wurin a daren ruwa mai yawa.

A ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta kan masallata a lokacin sallar La'asar. Gini ne na shekarun 1830, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, abin alfaharin ginin Hausa. Mai Martaba Sarkin Zazzau ya bayyana cewa an ga tsaga a jikin bangon kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kawo injiniyoyi sai abin ya auku. Ba na kawo wannan don ɗora laifi a kan kowa ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Na kawo shi ne don a ajiye shi kusa da labarin Halley. Can an ga tsaga, an san tarihinta, an san saurinta, akwai ƙa'idar fitar da mutane. Nan an ga tsaga, amma ba littafin da zai ce jiya faɗinta kaza ne, yau kaza, ba kuma rubutacciyar ƙa'idar da za ta ba mai kula da wurin ikon rufe sashen nan take ba tare da jin nauyin kowa ba. Shekara guda bayan haka, a farkon Satumban 2024, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya zube bayan ruwa mai yawa, a makon da ya biyo baya kuma madatsar Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri. A ambaliyar 2022, wadda ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki, kuma ruftawar gidajen ƙasa na cikin abin da ya ci rayuka.

Inda kwatancen ya tsaya

Kada mu ruɗi kanmu. Tashoshin Antaktika 'yan kaɗan ne, gwamnatoci masu arziki ke riƙe da su, kuma ƙanƙara a hankali take motsi, tana ba da shekaru. Bangon ƙasa da ya ƙoshi da ruwa sa'o'i yake bayarwa. Gidan Surko ba shi da takalmin sulɓi, kuma mai shi ba shi da wani filin. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina duk shekara, hukumar NIHSA na fitar da na ambaliya, suna ambaton jihohi da ƙananan hukumomi. Wannan yana da amfani, amma hasashen da ya ce ƙaramar hukumar Gwaram na cikin hatsari bai gaya wa shugaban makaranta ko wane aji zai fitar da yara daga ciki ba. Giɓin da ke tsakanin hasashen ƙasa da bangon ɗaki shi ne wurin da awon gida zai cike.

A wani ɓangaren ma mun fi su sa'a. Babbar wahalar mai awo a kan faifan Brunt ita ce ba shi da wani abu tsayayye da zai jingina awonsa da shi, komai tafiya yake yi. Mu muna da duwatsu a bakin ƙofa. Ƙusa ɗaya da aka kafa a jikin fa ta zama ma'auni na dindindin, wanda za a riƙa kwatanta tsayin harsashin makaranta, asibiti ko gada da shi shekara hamsin masu zuwa. Taurarin Sentinel-1 na Turai, waɗanda na farkonsu ya tashi a 2014, suna cikin masu ɗaukar hoton tsagogin Brunt, suna kuma ratsawa ta samanmu, bayanansu kyauta ne. Dabarar kwatanta hotunan radarsu tana iya nuna nitsewar ƙasa ta 'yan milimitoci, kuma ta fi aiki a kan dutse tsirara da rufin kwano, abubuwan da muke da su birjik. Wannan aikin ɗalibin digiri na biyu ne a Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Jami'ar Bayero, da kwamfuta da intanet.

Me za a auna a Surko

Shawarata a fara da mazaɓa ɗaya, a cikinta kuma a fara da gine-ginen da ke tara jama'a: makarantun firamare da na Islamiyya, masallatan Juma'a, ɗakin shan magani, da kwalbatoci da gadojin da ke kan hanyar shiga gari.

Abu na farko ruwan sama. Ma'aunin ruwa na roba a filin makaranta, a karanta shi kullum da safe a lokaci ɗaya. Lambar da ta fi muhimmanci ga bangon ƙasa ita ce jimillar kwana uku zuwa biyar a jere, domin ruwan da ya sauka a kan bangon da bai bushe ba shi ke kayar da shi, ko da yayyafi ne. Sai ruwan ƙarƙashin ƙasa: a zaɓi rijiyoyi biyu ko uku, a auna daga baki zuwa fuskar ruwa da igiya mai alamomi, sau ɗaya a mako, da asuba kafin a fara ja. Idan ruwan rijiya ya taso kusa da zurfin harsashi, ƙarfin ƙasar da ke ɗauke da gini ya ragu, ko da ba a ga ɗigo ɗaya a tsakar gida ba.

Tsaga ita ce zan fi daɗewa a kai, domin a nan ake yawan kuskure. Da an ga tsaga, abin da ake yi shi ne a kira magini ya toshe ta da siminti a shafa fenti. An rufe bakin mai ba da labari ke nan. Abin da ya kamata shi ne a kafa ƙusa biyu, ɗaya a kowane gefe, a auna tsakaninsu da rula, a ja layi da fensir a inda tsagar ta ƙare, a rubuta kwanan wata a jikin bangon. A dawo bayan mako. Tsagar da ke buɗewa da rani ta rufe da damina, tana komawa inda take, labarin laka mai kumbura take bayarwa, kuma gini na iya rayuwa da ita shekaru. Wadda ke ƙaruwa ba ta komawa, musamman idan ta fi faɗi a sama, ko ta tashi a karkace daga kusurwar taga, ko gefe ɗaya ya turo gaba ya bar ɗaya, harsashi ne ke tafiya. Wadda ta ƙaru tsakanin safe da yamma kuwa ba ta bukatar injiniya kafin a fita daga ɗakin. A haɗa da igiya mai nauyi a ƙasa, a rataye ta daga saman bango a auna tazarar gindi, don a ga ko bangon na sunkuyawa. Tiyon ruwan da magina ke ɗaukar lebur da shi ya isa a gane kusurwar da ta sauka. A bangon ƙasa kuma a riƙa shata iyakar damshi da alli, a ga ko tana hawa.

A Birtaniya an daɗe da rarraba tsagar ginin bulo gwargwadon faɗi: ƙasa da milimita 5 ƙaramar illa ce, daga 15 zuwa 25 babba ce, abin da ya haura 25 kuma ginin na iya zama hatsari. Waɗannan lambobi an yi su ne don jan bulon ƙasarsu. Bangon tubali mai kauri da bulon yashi mai ƙarancin siminti irin wanda ake bugawa a bakin titi halinsu daban ne, kuma namu lambobin daga namu littattafan za su fito. Wannan aiki ne da ya dace da Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Najeriya tare da kwalejojin kimiyya da fasaha na jihar, amma ba za su iya ba sai an tara musu awon damina biyar ko goma daga garuruwa irin Surko.

Ga gada da kwalbati, a zana ma'auni da fenti a jikin ginshiƙi, mai jan layi a inda ruwa ya zama hatsari. Duk watan Maris a auna zurfin ramin da ke gindin kowane ginshiƙi, a ɗauki hoto daga wuri ɗaya, a duba ko ƙasar bayan bango ta fara zaftarewa.

Wa zai riƙe littafin

Awon da ba shi da mai shi ba ya wuce damina ɗaya. Kowane gini ya samu mutum ɗaya da sunansa ke bangon littafin: malamin lissafi a makaranta tare da 'yan aji shida, ladan ko na'ibi a masallaci, ma'aikacin lafiya a ɗakin shan magani, mai unguwar da ya fi kusa da gada. Hoton shafin ya tafi ta waya zuwa sashen ayyuka na ƙaramar hukuma duk ƙarshen wata, a damina kuma duk mako. A sa magina na gargajiya a ciki tun daga farko, domin su ne za su ce ga bangon da ya kamata a fara da shi, kuma idonsu na ganin abin da rula ba ta kamawa.

Sannan a rubuta matakin kafin damina, dagaci da limamai da shugabannin makarantu da injiniyan ƙaramar hukuma su sa hannu, hakimi ya shaida. Idan tsaga ta ƙaru kwana biyu a jere, a rufe ɗakin. Idan ruwa ya taɓa jan layi, a sa shinge a hanya ta ɓangarorin biyu, a kira 'yan sanda da shugabannin tashar mota. Amfanin rubutawa shi ne ya sauke wa ƙaramin ma'aikaci nauyin kunya. Ladan ba zai iya ce wa manyan gari yau a yi salla a waje ba don kawai zuciyarsa ba ta kwanta ba, amma zai iya idan ya nuna takardar da su da kansu suka sa wa hannu. Za a rufe ɗakunan da ba za su faɗi ba, za a tare motoci a daren da gada za ta kwana lafiya, kuma mutane za su yi gunaguni. A faɗa musu wannan tun ranar sa hannu.

Saura tambayar da ta fi kowacce nauyi a gidajen talakawa. Mutumin da aka ce ya fitar da iyalinsa daga ɗaki da tsakar dare ana ruwa, ina zai kai su? Idan ba a amsa ba, zai zauna ya yi addu'a, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Don haka takardar ta ƙunshi sunan ginin da kowace unguwa za ta fake a ciki, da sunan mai riƙe da makullinsa da lambar wayarsa, kuma wannan ginin ya zama na farko da za a kafa wa ƙusa a fara aunawa kafin ruwan farko na watan Mayu.